Daga hakin Allah zuwa hakin kasuwa: tarihin cimakar bisashe a ƙasarmu da maganar luzan

 

Yau maganar haki za mu yi. E, haki dai, ciyawar nan da bisa ke ci. Wani zai ce me ke cikin haki har a zauna ana ba da tarihinsa? To duk mai akuya biyu a gida ya san amsa. In bazara ta kama, ka fita bakin kasuwa ka taya damin harawa, sai ka tsaya kana lissafi: da kuɗin nan tiya nawa ta hatsi zan auna ma iyali? A wannan lokacin ne ake raba cefane biyu, rabi na yara, rabi na turke. A lokacin ne kuma makiyayi ke sayar da saniya guda don sauran su kai ga ruwan farko.

Amma tsofaffinmu sun shaida zamanin da babu mai tunanin kai karan hatsi kasuwa. Yaya aka yi abin da yake na kowa ya koma haja? Kuma yanzu da ake ta maganar shuka ciyawar luzan a garake, ina muka dosa? Mu bi abin daga tushe.

Lokacin da haki bai da mai shi

A da, daji ya fi gona yawa. Manomi kan noma fili ƴan shekaru, in ya gaji ya bar shi saura ya sari wani. Saurar nan ita ce makiyaya ta kusa da gari. Can akwai gamba, kyasuwa, komayya, harkiya, gadagi da ƙarangiya, kowace da lokacinta. In an gama kaka, Fulani da Buzaye su gangaro daga arewa su sauka cikin gonaki. Shanu su ci kara su bar taki. Mai gona ne ma ke roƙon makiyayi ya kwana a gonarsa, har ya ba shi hatsi, matan ruga su kawo nono su karɓi tsaba. Ciniki ne fa sosai, sai dai babu ko dala a tsakani.

Wuri biyu ne aka san haki da daraja tun wancan zamani. Na farko bargar sarakuna. Ƙarfin Damagaram, da na Katsinawan Maraɗi, da na Gobirawan Tsibiri, a bisa doki yake. Doki kuwa ba a sakinsa daji kamar saniya. A turke yake, sai an yanko masa ɗanyar ciyawa da damana, an tanadar masa ingirici da harawa da rani, ga dawa, ga kanwa. Har sarauta akwai a fada, Shamaki, mai kula da barga. Ke nan sanin yankan ciyawa da shanya ta da ajiye ta ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Na masu doki ne.

Na biyu ayarin gishiri. Buzayen Abzin da ke zuwa Fashi da Bilma kan ratsa Tenere, tafiyar ɗaruruwan kilomita inda babu abin da raƙumi zai kai baki. Kafin su tashi, wajen watan Oktoba, sai su share kwanaki suna yankan haki suna ɗaure shi dammai. Raƙumi ya ɗauki hatsin da za a musanya da gishiri da dabino, ya ɗauki kuma abincinsa. Sukan sa ma raƙuma takunkumi don kada su cinye kayan na gaba da su, su kuma ajiye wasu dammai a hanya saboda dawowa. A farkon ƙarni na 20 an rubuta ayari guda mai raƙuma wajen 20,000. Ku yi tunanin yawan hakin da aka yanka kafin irin wannan ayari ya ɗaga. Su waɗannan ba su buƙatar a gaya musu cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Gyaɗa ta kawo harawa, ta cinye makiyaya

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, sannu a hankali ta haye iyaka zuwa Maraɗi, Tasawa, Matamai da Magarya. Nasara na neman haraji da kuɗi, kuɗi kuwa a gyaɗa suke. Bayan samun ƴanci aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen ta, kuma a shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin abin da Nijar ke sayarwa waje.

Abu biyu gyaɗa ta yi ma kiwo, ɗaya alheri ɗaya akasi. Alherin shi ne harawa da tunkuza. Kowane gida ya samu ganyen gyaɗa busasshe a bisa rumfa ko a cokalin itace, mata masu ƙuli-ƙuli suka samu abin ba tumaki. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, a irin wannan gida ta bunƙasa, har gwamnati ta buɗe mata cibiya a Maraɗi a 1963. Akasin kuma shi ne fili. Gonar gyaɗa ta zo bisa gonar hatsi, ba ta maye gurbinta ba. Saura ta ragu, aka fara sarar makiyaya, manoma suka yi ta matsawa arewa saboda shekarun 1950 da farkon 1960 sun yi ruwa mai kyau.

Gwamnatin Diori Hamani ta ga inda abin ya nufa. A watan Mayun 1961 aka yi dokar da ta ja iyakar noma ta arewa: daga wannan layi zuwa sama ƙasar kiwo ce. A yankin Dakoro, kwarin Tarka ne alamar iyakar. Dokar tana nan har gobe, amma duk wanda ya bi hanyar ya san gonaki sun daɗe da tsallake ta. Mutanen ƙasar da ba su wuce miliyan uku da ɗoriya ba lokacin ƴanci, ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan 17. Kowane baki na son gona.

Fari biyu da suka sauya komai

Farin da ya kai ƙarshensa a 1973 da 1974 ya kashe kusan rabin shanun ƙasar nan. Makiyaya da yawa sun iso bakin garuruwa da sanda kawai a kafaɗa. Wannan yunwa na cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar 15 ga Afrilun 1974 da Seyni Kunce ya karɓe mulki. A 1975 cuta ta faɗa ma gyaɗa, daga nan ba ta sake komawa matsayinta na da ba. Aka kafa cibiyoyin sake yaɗa bisashe irin su Ibesetan a jahar Tawa, Fako a wajen Dakoro, Bate a jahar Damagaram da Sayam a Difa. A 1975 ɗin ne kuma aka kafa INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, mai babban reshe a Tarna.

Garke bai gama farfaɗowa ba sai ga 1984, shekarar da mutanen kudu ke ce ma El Buhari, don ta zo daidai da lokacin da Najeriya ta rufe iyaka. Babu hatsi, babu haki, babu hanyar kudu.

A nan ne tarihin haki ya juya, kuma ga yadda abin ya bi. Da makiyayi ya rasa yadda zai yi, sai ya sayar da bisashensa da araha. Waɗanda suka saya su ne masu kuɗi a hannu: ƴan kasuwa, ma'aikata, manyan manoma. Bisa ta baro daji ta shigo gari da ƙauye. Manomin da da yake kiran Bafulatani ya zo ya ci kara, yanzu yana da shanun huɗa da na amalanke, matarsa na da tumaki a turke tana jiran layya. Me zai sa ya bar kara a gona? Da an yanke hatsi sai ya kwashe karan tas ya kai gida. Shi kuma mai saniyar tatsa a cikin Yamai ko Maraɗi ba shi da gona ba shi da daji, dole ya saya. Ga mai saye, ga mai sayarwa, ga amalanken jaki da zai ɗauko. Kasuwa ta tashi ke nan.

Wake kuma ya maye gurbin gyaɗa, har Nijar ta zama ta biyu a duniya wajen nomansa bayan Najeriya. Wake amfani biyu ne, ƙwaya da harawa, ga ƙowa a kai. Akwai shekarar da kwari ke cinye fure, manomi bai samu ƙwaya ba, amma harawar ta fitar da shi kunya. Shi ya sa manomanmu da yawa suka ƙi sakin tsohon iri mai yaɗo, ko da an kawo musu mai saurin nuna. Masu bincike sun daɗe suna auna buhun ƙwaya kaɗai kafin su gane cewa manomi na auna har da dami, sannan suka koma neman irin da ke ba da duka biyun.

Sai dai rushewar tsohon cinikin taki da kara ba ta zo da sauƙi ba. Makiyayi ya gangaro ya tarar an kwashe kara, an nome burtali, tabkin da ya saba shayarwa an kewaye shi da garka. Daga gardama zuwa sanda, daga sanda zuwa abin da ya fi haka. A watan Oktoban 1991, ana cikin babban taron ƙasa a Yamai, aka yi abin Toda a jahar Maraɗi, inda aka kashe mutane fiye da ɗari daga cikin makiyaya, akasarinsu mata da yara. Allah ya jiƙan su. Muna ambaton wannan ne don kada wani ya ɗauka maganar haki ƙaramar magana ce. A watan Maris na 1993 aka fitar da kundin dokokin karkara, wanda daga cikinsa ne aka samu kwamitocin filaye da muke ce ma kofo, da shata burtali, da tsayar da ranar sakin gonaki. Ƙungiyar makiyaya ta AREN, mai mazauni a Maraɗi, ita ma a 1990 aka kafa ta.

Abin da gawo ya mayar mana

Ba duka labarin ne na asara ba. Ana ba da labari cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sare gawo. Sun san abin da suke karewa. Gawo itace ne mai saɓa ma sauran: da damana yake zubar da ganye, don haka ba ya tare ma hatsi rana, da rani kuma ya yi kore, ya zubo ƴaƴa daidai lokacin da ƙasa ta zama fili fetal. Daga 1983, a yankin Maraɗi, aka fara farfaɗo da dabarar barin tsiron kututture a gona ana yi masa aski, wadda muka sani da sassaben zamani. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, na cikin waɗanda suka yi ta yaɗa ta, amma manoma ne suka ɗauke ta daga gona zuwa gona. An ƙiyasta hekta miliyan biyar da itatuwa wajen miliyan 200. Je ka Matamai ko Magarya ka ga gawo. Yau ƴaƴansa ma a buhu ake sayar da su.

Lissafin da ba ya cika

Ma'aikatar kiwo tana da lissafi mai sauƙi. Saniya mai nauyin kilo 250 na buƙatar busasshen abinci kilo shida da kwata kowace rana. Watanni tara na rani, kwana 270, ya kama kusan kilo 1,700 ga saniya guda. Ƙidayar da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ta samu bisashe wajen miliyan 31 a ƙasar. Kowace shekara bayan damana ana auna hakin da ya fito a kwatanta da bukata, kuma sau da yawa giɓi ake samu. Bayan damanar 2009 giɓin ya kai wajen ton miliyan 16. Waɗanda suka ga bazarar 2010 a arewacin Dakoro da Tanut ba za su manta ba: shanun da suka jure yunwa, da ruwan farko ya sauka da ƙarfi, sanyi da laka suka ƙarasa su.

A watan Mayun 2010 ɗin aka yi dokar kiwo, wadda ta tabbatar ma makiyayi haƙƙin yawo da garkensa, ta kuma sa ƙa'ida kan kwasar hakin daji don sayarwa. Dalili a fili yake. Mai amalanke da manjagara yana share makiyaya har ƙasa, ya tafi da hakin, ya tafi da irin da zai tsiro baɗi, ya bar ƙasa tsirara iska na kwasa. Inda ciyawar kirki ta ɓace, garmani ke mamayewa, shi kuwa bisa ba ta damu da shi ba. Amma mu faɗi gaskiya: yaron da ke turo hakin nan talaka ne, abin da zai ci yake nema, kuma mu mutanen gari mu ne masu saye. Muddin turke na gari na ƙaruwa, doka kaɗai ba za ta tsare daji ba. Sai an samu hakin da aka shuka.

To ina luzan ta fito?

Luzan sunan da muka ara ne daga Faransanci. Masu Ingilishi na ce mata alfalfa, kalmar da ta bi ta Sifaniyanci daga Larabci. A Sudan da Masar ana ce mata barsim hijazi. Asalinta yankin Farisa ne, Iran ta yau, kuma ita ma doki ne ya fara ɗaga ta: abincin dawakin yaƙin Farisawa ce. Ta shiga Girka ta hanyar yaƙe-yaƙensu wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Ta shiga Sin tare da dawakin Fargana a ƙarni na biyu kafin haihuwarsa. Sifaniyawa suka kai ta nahiyar Amurka. A hamadar Sahara kuwa ta daɗe a garaken dabino, kuma a nan gida mutanen Kawar, wajen Bilma, suna shuka ta a ƙananan fangali suna yanka ma awaki. A shekarun 2010 an noma ta da ruwan foraj a filin Irhazer, wajen Ingal, ƙarƙashin wani babban shirin noman rani. Ke nan ba baƙuwa ba ce ga Nijar. Ga mu mutanen kudu ne take sabuwa.

Me ya sa ake yabonta? Dangin wake ce, saiwarta na tara ma ƙasa sinadarin da muke saye a buhun ure. Shuka ɗaya na kai shekara uku ko fiye ana yanka tana tohowa. A ƙasa mai zafi, in da ruwa, kusan kowane wata ana yanka, kuma hukumar FAO ta ce gona mai kyau na ba da ton biyu zuwa biyu da rabi na busasshiya a hekta a kowane yanka. Babban abin shi ne furotin, sinadarin gina jiki. Busasshen hakin daji na ƙarshen rani da karan hatsi ba su cika wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba, alhali tumbin saniya na son wajen kashi 7 kafin ya narka abinci yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga saniya ta cika ciki da kara amma tana ramewa. Luzan mai kyau na kai kashi 18 zuwa 20. Ɗan kaɗan daga cikinta a kan kara yana sa karan kansa ya yi amfani, nono ya ƙaru.

Amma fa tana da sharaɗi, kuma duk mai tallarta da bai faɗa maka ba, bai yi maka adalci ba. Na farko ruwa. Tana shan milimita 800 zuwa 1,600, a wuri mai zafi irin namu ta fi kusa da na sama. Ruwan da ke sauka a Maraɗi a shekara bai cika wuce 500 ba. Wato sai ka haɗa damana biyu ko uku, kuma duk daga rijiya za ka jawo su da mai ko da hasken rana. Saudiyya ta noma ta cikin hamada shekara da shekaru har ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya, daga ƙarshen 2018 ta hana manyan gonaki noman ɗanyar ciyawa, ta koma saye daga Sudan, Amurka da Ajantina. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi. Gulbin Maraɗi da fadamun Korama da kwaruruwan Adar ruwansu na da iyaka, kuma albasa da tumatir da zogale na jiran ruwan nan.

Na biyu, ba ta son ƙasar da ruwa ke kwanciya, ba ta son zafi mai gumi na tsakiyar damana. Da sanyi ake shuka ta, wajen Nuwamba zuwa Disamba, iri kamar kilo 20 a hekta, sama-sama don ƙwayar ƙanana ce, kuma sai an dage da cire ciyawa a watannin farko. Irin ma sai an zaɓa: na ƙasashen sanyi barci yake yi da hunturu, namu sai irin ƙasashen zafi. Na uku, kada a saki bisa mai yunwa cikin ɗanyar luzan. Kumburin ciki take sawa, yana kuma kisa cikin sa'o'i. A yanka, a bar ta ta sha iska, a fara ba bisa kara tukuna.

Saboda haka luzan ba ta kowa ba ce. Ta dace da mai garka kusa da gari, mai shanun tatsa ko mai turke, ko wanda ke da tabbacin masu saye a kusa. Wanda ke bakin kogin Isa yana da burgu, da aka daɗe ana nomawa a tashar Kirkisoye ta Yamai saboda shanun madara. Mutanen Adar suna da dolik da suke shukawa in ruwa ya janye. Mai gonar tudu kuwa luzan ɗinsa ita ce harawar wake, wadda in an kula da ita ba ta yi nisa da luzan a amfani ba.

Inda kuɗin ke zubewa

Ko luzan ko harawa, darajar a ganye take. Kusan kashi biyu cikin uku na furotin a ganye yake, ba a karan ba. Mu kuwa me muke yi? Mu bar wake a gona har ganye ya yi rawaya ya zube, mu tuge, mu baza a rana kwana da kwanaki, mu ɗora bisa rumfa rana na dukansa wata shida, ruwan bazara ya zo ya jiƙa shi ya yi funfuna. Abin da ya isa kasuwa igiya ce kawai.

Gyaran ba ya cin kuɗi da yawa. Luzan a yanke ta da ta fara fure. Harawa a ɗebe ta da an tsinke wake, tun ganye na kore. A shanya ɗan lokaci ana juyawa, in da hali a ƙarasa a inuwa. A ɗaure da sassafe lokacin da ganye ke da laushi, don da tsakar rana karyewa yake ya zube. A ajiye bisa dandamali saboda gara da danshi, a rufe sama. Mai saye kuma ya duba abu huɗu: launi kore, ganye da yawa, ƙamshi mai daɗi, babu ƙasa ko funfuna a tsakiyar dami.

Sai babbar matsalar kasuwarmu: da ido muke ciniki. Dami ba shi da nauyi tsayayye, yana ƙanƙancewa yadda rani ke tsawo. Wanda ya wahala ya yi harawa mai kyau da wanda ya cusa kara a tsakiya kusan kuɗi ɗaya ake taya musu, to wa zai ƙara wahala? Ƙasashen da suka ci ribar wannan sana'a da sikeli suke sayarwa, a matse, kowane daraja da farashinsa. Matsewar ma na rage kuɗin mota, don mai kamyo da ya ɗauko harawa a sake, rabin lodinsa iska ce. Ƙungiyar manoma guda na iya haɗa kuɗin sikeli da akwatin matse haki na hannu da rumfar ajiya. Kuma kowa ya san farashin kaka da na bazara ba ɗaya ba ne. Manomi na sayarwa da kaka don bukata ta matsa, ribar ta tafi ga wanda ya iya ajiyewa. Yadda aka yi bankunan hatsi, aka kuma yi na dusa da angurya, haka harawa ke son nata rumbun.

Akwai abin da ya kamata mu riƙe daga duk wannan tarihi. Kowane mataki da haki ya taka zuwa kasuwa, wanda ya fi jin jiki shi ne makiyayin da ba shi da gona, da matar da akuya uku ce dukiyarta. In noman ciyawa ya zama dalilin kewaye sauran makiyaya da tabkuna da waya, to mun ƙara ma wutar itace. In kuwa an yi shi a garake da gonakin da ake da su, turken gari ya ci daga nan, hakin daji ya zauna ma masu daji, to kowa ya samu. Wannan zaɓi yana hannun masu unguwanni, kofo, magadan gari da mu masu saye.

Yanzu saura ku. Nawa damin harawa yake a kasuwarku a wannan mako? Akwai wanda ya taɓa gwada luzan ko dolik a garkarsa, yaya ta kasance da ruwa da kasuwa? Dattawan da suka ga 1973 da El Buhari, me kuka ba bisashe har suka kai damana? Ku rubuto mana a ƙasa, wanda bai iya rubutu ba ya aiko da murya, za mu tattara mu kawo.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya. Sai mun ji daga gare ku.